Wata Shida Da Doka Ta Ba Shi: Yadda Aka Sallami Wani Mai Sito A Damagaram Yana Kan Jinya

Mutumin da aikinsa, 2011 zuwa 2018

Wanda abin ya faru da shi maƙwabcina ne a Zinder. Ba zan faɗi sunansa ba, zan riƙa ce masa Malam kamar yadda ake kiransa a unguwa. Lokacin da abin ya faru yana da shekara 44, da mace ɗaya da 'ya'ya shida, ga mahaifiyarsa a hannunsa. A watan Maris na 2011 wani kamfanin sayar da siminti da rodi da kwanon rufi ya ɗauke shi mai kula da sito. Shi ke riƙe da makulli, shi ke ƙirga buhu in mota ta iso daga Malbaza ko daga Kano, shi ne na ƙarshen barin wurin da magariba. Albashinsa ya hau sannu a hankali har ya kai sefa 90,000, jika casa'in ke nan. Ƙarshen kowane wata ana ba shi takardar albashi, a jikinta an nuna an cire kashi 5.25 cikin ɗari na CNSS, wato asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa.

Rubutacciyar yarjejeniyar aiki babu ita. Wannan bai hana shi zama cikakken ma'aikaci a idon doka ba, domin yarjejeniyar da ba a yanke mata wa'adi ba tana ƙulluwa ko da baki ne, takardun albashi kuwa shaida ne a kanta. Malam yana tara su cikin wata tsohuwar jakar fata, ba don ya san amfaninsu ba, sai don ba ya iya yar da takardar da ke ɗauke da sunansa.

Allo ya yi sosai, boko kuwa aji uku. Lissafi a kansa yake, amma Faransancin takarda sai an karanta masa. Ta nan na shigo cikin lamarin.

Janairu zuwa Maris 2019: tarin da aka ɗora wa siminti

Tarin ya fara cikin hunturu. Kowa ya ce ƙurar siminti ce ta haɗu da hazo, shi ma haka ya ɗauka. Ya sha ƙwayoyin 'yan tebur, ya sha jiƙo, ya sha zuma da citta. Sati bakwai ana haka. Zazzaɓin yamma ya shigo, da zufar dare mai jiƙa tabarma, wandonsa ya koma sai da mazagi ya zagaye sau biyu. Ranar da aka ɗora shi a sikeli an sami kilo 53, mutumin da ya saba da 64.

Tsakiyar Maris ƙaninsa ya matsa masa suka je asibiti. Aka gwada majina, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce tarin fuka ne, ga kuma ruwa ya taru a gefen huhun dama, sai da aka zuƙe shi. Ranar Litinin 18 ga Maris ya fara shan magani. A Nijar maganin tarin fuka kyauta ne, kuma wata shida ake yi: wata biyu na farko magani iri huɗu, wata huɗun da suka biyo iri biyu, ana sake gwajin majina a kan hanya. Aka ba shi kati, kowace ranar da ya sha ana sa alama. Likita ya rubuta masa hutun jinya na kwana 30, ya ce kada ya kusanci ƙurar siminti ko ɗaukar kaya sai ya gani.

Ƙanin ya kai takardar ofishin kamfani a ranar. Ta asali ya miƙa wa akanta, bai yi kofi ba, ba a buga masa hatimin karɓa ba. Da dare mai kamfanin, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ya aiko da saƙon murya a WhatsApp: "Malam, na ji abin da ya faru. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka kwanta ka huta har ka warke, sito yana nan yana jiranka."

Afrilu zuwa Yuni: takardun da suka tsaya a gida

An biya shi albashin Maris da na Afrilu cikakku. A takardar albashin Afrilu akanta ya rubuta kalmar rashin lafiya da Faransanci a gefen sunansa. Likita ya ƙara kwana 30 a tsakiyar Afrilu, ƙanin ya sake kaiwa.

A watan Mayu, cikin azumi, Alhaji ya zo dubiya da kansa. Ya tsaya a zaure, bai shiga ba, ya rufe hancinsa da gefen rawani, ya ajiye jika 30 a kan tabarma. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ga takardar likita ta uku, bari yaro ya ɗauko." Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Malam, ni da kai har sai da takarda? Bar ta kawai." Takardar ta koma ɗaka, uwargida ta linke ta ta sa ƙarƙashin kwanonin jerenta. Ta Yuni ma can ta same ta, haka ta Yuli.

Jika 30 ɗin nan su ne kuɗin ƙarshe da suka shigo gidan daga kamfani. Ƙarshen Mayu shiru, ƙarshen Yuni shiru. Malam ya ji nauyin tambaya, yana ganin mutumin da ya tako har gida dubiya ba a aika masa a ce ina albashi. Uwargida ta sayar da akuya biyu, ta koma soya ƙosai da safe, amma ciniki ya ja baya domin labarin ciwon ya zagaya unguwa. A cikin gida ma an ware masa kofi da kwano da buzu, duk da majo, wato ma'aikacin jinya na wurin karɓar magani, ya sha gaya musu cewa wanda ya yi makonni yana shan maganin a kan ƙa'ida, kuma gwaji ya nuna majinarsa ta wanke, ba ya harbin kowa. Nasa gwajin na ƙarshen wata na biyu ya fito lafiya lau.

Cikin Yuni Alhaji ya ba ɗan 'yar'uwarsa makullin sito. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, dole wani ya riƙe wurin kafin mai shi ya dawo.

8 ga Yuli: takardar sallama

Mai gadin kamfani ne ya kawo ambulan. Bayan la'asar Malam ya aiko yaro ya kira ni. Layi tara ne, na karanta sau biyu kafin na fassara masa. An ce tun 18 ga Mayu bai zo aiki ba kuma bai kawo hujja ba, saboda haka ya yi watsi da aikinsa, wannan babban laifi ne, an sallame shi daga ranar ba tare da wa'adi ko kuɗin sallama ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Sake karanta mini wajen da aka ce ban kawo hujja ba." Na sake. Ya kira uwargida ta ɗauko takardun nan daga ƙarƙashin kwanoni, har sun ɗauki zanen gindin kwano.

Daga 18 ga Maris zuwa 8 ga Yuli kwana 112 ne, sati 16 cif. Ni kaina a ranar ban san muhimmancin wannan lissafi ba.

Yuli zuwa Satumba: hanyoyin da ba su ɓulle ba

Abin da aka fara shi ne abin da kowa zai fara a Damagaram, aika manya. Kawunsa da limamin unguwa suka tafi gidan Alhaji. Ya karɓe su da mutunci, ya ce shi ba shi da komai da Malam, amma 'yan dako sun ce ba za su shiga sito da mai tarin fuka ba, masu saye ma suna tambaya. Ya yi alkawarin zai yi wani abu kafin layya.

Sati ɗaya kafin babbar salla, a watan Agusta, akanta ya zo da sefa 100,000 da wata takarda. Ya ce shaidar karɓa ce kawai. Ba na gari ranar. Malam ya sa hannu. Da na dawo na duba kofin da aka bar masa, sai na ga an rubuta cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa, ba ya bin kamfani komai. Kawu ya ce a bar maganar, an riga an sa hannu, kuma kai Alhaji ƙara bayan ya mutunta manya abin kunya ne ga dangi.

Sun gwada wakilin ma'aikata, wanda ake ce wa delege. Ya saurara, ya tausaya, ya ce zai yi magana, bai yi ba. 'Yar delegen na auren ƙanin Alhaji. Ƙanin Malam cikin fushi ya je komisariya, aka gaya masa gaskiya cewa rigimar ma'aikaci da mai aiki ba ta 'yan sanda ba ce.

Ƙarshen Agusta likita ya duba shi, kilo 61, ya rubuta cewa zai iya komawa aiki ranar Litinin 2 ga Satumba. Malam ya sa wankakkun kaya ya tafi da takardar. Mai gadi, wanda suka yi shekara takwas suna shan shayi tare, ya tare shi a ƙofa yana kallon ƙasa, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, umarni aka ba ni." Tsakiyar Satumba ya gama magani, gwajin ƙarshe ya tabbatar ya warke.

Majon nan ne, ranar da yake rufe masa kati, ya tambaye shi yaushe zai koma aiki. Da ya ji labarin ya ce, "Ka je anspeksiyo, ofishin sufeton ƙwadago? Ka tafi da katin nan da duk wata takarda da ke gidanka."

Oktoba da Nuwamba: ofishin sufeton ƙwadago

Farkon Oktoba muka je ofishin sufeton ƙwadago na jihar Zinder, da jakar fatar nan. Ba a karɓi ko dala ba. Sufeton ya baje takardun a tebur bisa jerin kwanan wata, ya ɗauki biro ya ƙirga kwanaki, sannan ya yi mana bayani da Hausa.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ce idan likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar ma'aikaci ba shi da lafiya, yarjejeniyar aikinsa ba ta mutu ba, an jingine ta ne har tsawon wata shida. Ko wata shidan sun cika, jinginar na iya ci gaba har ranar da aka ɗauki wani a gurbinsa. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, tun dokar ƙwadagon da Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka a 1952 take nan. Wata shidan Malam sai 18 ga Satumba za su cika. An sallame shi saura fiye da wata biyu, kuma likita ya ba shi izinin komawa saura kwana 16.

Na biyu, mai aiki ba ya sallamar ma'aikaci sai da dalili karɓaɓɓe, kuma in dalilin laifi ne ko gazawa, dole a fara ba mutum dama ya kare kansa. Nijar ta sa hannu tun 1985 a yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda sashenta na 6 ya ce fashin aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne. Na uku, wanda ya sa Malam ya ɗago kai: rubutun "na karɓi dukkan haƙƙina" da ake sa ma'aikaci ya sa wa hannu ba ya toshe masa hanyar neman abin da doka ta ba shi. Jika ɗarin nan za a cire su daga lissafi ne kawai.

Malam ya tambaya ko CNSS za ta biya shi watannin jinya, tunda shekara da shekaru ana yankar albashinsa. Amsar ba ta yi masa daɗi ba. Asusun yana biyan kuɗin iyali, da fansho, da hatsarin aiki ko cutar da aiki ya haddasa. Ciwon da ya zo wa mutum haka nan ba ya ciki, albashin jinyarsa a wuyan mai aiki yake: cikakke na wani lokaci, sannan rabi, gwargwadon daɗewar mutum a wurin, kamar yadda yarjejeniyar ma'aikata da masu aiki ta 15 ga Disamba 1972 ta tsara, wadda da ita ake aiki a lokacin. Da a ce buhu ne ya faɗo masa, ko babur ya buge shi a hanyar zuwa aiki, da lamarin ya sha bamban: mai aiki zai sanar cikin awa 48, asusun ya ɗauki magani da kuɗin kwanaki, iyakar wata shida kuma ba ta hau kansa.

Aka aika wa kamfani takardar kira. Zaman farko ba wanda ya zo. Zama na biyu akanta ya zo shi kaɗai, ya tsaya a kan cewa tun Mayu ba su ga takardar likita ba. A nan ne raunin Malam yake, sufeton kuma bai ɓoye ba: takardu uku na hannunsa, babu shaidar ya miƙa su, na farkon biyun ma babu kofinsu. Sai ya juya kan akanta da tambayoyi. Wa ya rubuta rashin lafiya a takardar albashin Afrilu? Daga 18 ga Mayu zuwa 8 ga Yuli, ina takardar da kuka aika masa ya dawo aiki ko ya yi bayani? Mutumin da kuka san gidansa, kuka san ciwonsa, ta yaya ya zama wanda ya gudu? Akanta ya ce sai ya tambayi Alhaji.

Kafin zama na uku muka koma asibiti, likita ya ba da takarda guda mai hatimi da ta jera duk hutun da ya rubuta daga Maris zuwa ƙarshen Agusta, ba giɓin kwana ɗaya. Katin magani ma haka. Babban ɗan Malam kuma ya tono saƙon muryar nan a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

Tsakiyar Nuwamba Alhaji ya zo da kansa. Aka kunna saƙon a tsakiyar ofis, muryarsa na cewa sito yana nan yana jira. Liman, wanda ya yarda ya biyo mu, ya shaida cewa a gabansa Alhaji ya ce tsoron ciwon ne dalili, bai ambaci gudun aiki ba. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce a yi lissafi.

Disamba 2019 zuwa Maris 2020: lissafi da biya

Malam aikinsa yake so a mayar masa. Alhaji ya ƙi, sufeton kuma ya ce sulhu yake yi, ba ya tilasta wa kowa. Aka koma kan kuɗi.

Wa'adin sallama ga mai albashin wata, wata ɗaya ne: 90,000. Kuɗin sallama a tsarin 1972 ana lissafa shi da matsakaicin albashin wata, kashi 20 cikin ɗari a kowace shekara ta biyar ɗin farko, kashi 30 daga ta shida zuwa ta goma, kashi 35 bayan nan. Shekara takwas da wata huɗu suka ba da albashin wata biyu daidai: 180,000. Hutun shekara da bai ci ba, kwana 25: 75,000. Ragowar albashin jinya, bayan doguwar jayayya, aka tsaya a 100,000. Jimla 445,000, aka cire 100,000 na Agusta, saura 345,000.

Diyyar kora ba bisa ƙa'ida ba ita ta fi cin lokaci. Sufeton ya gaya wa Malam cewa kotun ƙwadago kyauta ce, kuma alƙali na iya yanke masa fiye da abin da ake tayi, sai dai ba wanda zai ce masa ga ranar gamawa, balle in aka ɗaukaka ƙara. Gida ba hatsi, ga bashin mai kanti. Ya karɓi 180,000. Duka 525,000, a biya kashi uku, tare da takardar shaidar aiki, wadda dole ce ga duk wanda ya bar aiki ko da wane dalili. Aka rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu.

Kashi na farko ya shigo a Disamba. Na biyu, na Janairu, bai zo ba. Aka kai takardar sulhun gaban shugaban kotun ƙwadago ya sa mata hatimin zartarwa, ta zama daidai da hukunci. Da labari ya kai cewa ma'aikacin kotu mai ƙwace kaya zai iya zuwa sito, aka biya ragowar gaba ɗaya a farkon Maris 2020, wata takwas bayan sallama.

Wajen binciken takardu an gano wani abu da ba shi muka je nema ba. A 2014 aka yi masa rajista a CNSS, ba 2011 ba. Shekara ukun nan za su taɓa fanshonsa, kuma ba su shiga sulhun ba.

Abin da na gani a ciki

A ganina an zalunci Malam, kuma sulhun bai mayar masa da abin da ya rasa ba. Jika 525 bai kai albashin wata shida ba, ga mutumin da ya ba wuri shekara takwas. Ban ɗauki Alhaji mugu ba. Tsoro ne ya kama shi, na cuta da na rasa ciniki, ya kuma sami mai rubuta masa takardar da za ta rufe tsoron da sunan gudun aiki. Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne hanyar halal tana gabansa. Ya riƙe ɗan 'yar'uwarsa na wucin gadi, ya biya abin da ya hau kansa, ya tambayi likita ko ciwon na yaɗuwa. Ko da Malam ya wuce wata shida bai tashi ba, yana iya rabuwa da shi ya biya shi haƙƙinsa ba wanda ya kira shi ofis.

Aika manya bai yi aiki ba domin Kawu da liman roƙo suka je yi, ba su san akwai haƙƙi ba, wanda ya je roƙo kuwa abin da aka ba shi yake karɓa. Amma ban yarda da masu cewa tafiyar ɓata lokaci ce ba, domin a wannan zaman ne Alhaji ya faɗi dalilinsa na gaskiya a gaban shaida. Abin da ya ci nasara a ofishin sufeto shi ne an iya nuna abu biyu: ciwon bai yanke ba, kuma kamfani ya san da shi. Takardar albashin Afrilu, katin magani, rajistar likita da saƙon murya su suka yi wannan aiki, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da Malam ya adana da niyyar shari'a. Da wayar nan ta faɗa ruwa, ko akanta bai rubuta kalmar nan guda ba, da takardu ukun da suka kwana ƙarƙashin kwanoni sun isa su kayar da shi.

Ni ma ina da nawa kason. Na karanta takardar sallama ranar 8 ga Yuli, na fassara, na ba da haƙuri, na tafi gida. Wata uku suka wuce kafin mu taka ofishin da bai fi tafiyar minti goma a babur ba. Da mun je a satin, wata shidan ba su cika ba, gurbin bai daɗe a hannun wani ba, kuma ina kyautata zaton maganar komawa aiki da ta fi sauƙi.

Yanzu Malam yana riƙe da sito a wani shagon hatsi kusa da Kasuwar Dole, jika 60 a wata, ba takardar albashi. Takardar neman gyaran shekara ukun nan tana ofishin CNSS, kofinta mai hatimin karɓa yana cikin jakar fata.